Karfasa a Cikin Ɗaki

A Bawku, a wata unguwa da ba ta da nisa da kasuwa, akwai wani dattijo kafinta wanda ya ajiye kifaye masu rai a ɗakin zamansa, cikin akwatin gilas. Ba ya cinsu, ba ya kuma sayar da su. Sa'ad da labarin ya fara bazuwa a ikkilisiya, waɗansu suka yi dariya, waɗansu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi, gama a ƙasar nan wurin kifi biyu ne, ko rafi ko tukunya. Amma wanda ya san inda mutumin ya fito, da abin da ya tura shi ga wannan aiki, ba zai yi saurin dariya ba.

An haife shi a Salaga, 'yan shekaru kafin a gama madatsar Akosombo a 1965. Kakansa ya zo daga ƙasar Hausa tare da ayarin fataken goro, bai kuwa koma ba. Salaga tsohuwar kasuwa ce, ta goro da ta bayi, har yau ana nuna wa baƙi wurin da ake kira Wankan Bayi, da rijiyoyi masu yawa da aka haƙa domin garin ba shi da isasshen ruwa. Yaƙin 1892 ya watsa fataken zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi, garin ya ragu. To, a wannan gari mai ƙishi ne yaro ya tashi yana jin labari cewa wani babban ruwa yana tahowa daga kudu, yana cinye gonaki da ƙauyuka. Tabkin Volta ke nan, mai faɗin wajen murabba'in kilomita 8,500. Ruwan ya zo ya tsaya a Makango, inda ake shiga jirgin fito zuwa Yeji.

Wata rana ubansa ya tafi da shi Makango sayen kifi. Wani masunci ya jawo taru, ya ɗauki karfasa guda a hannu, sai yaron ya ga waɗansu ƙananan abubuwa suna zubowa daga bakinta, suna motsi a cikin ruwan da ya taru a gindin kwalekwale. Ya kama rigar ubansa, ya ce, "Baba, dubi, ta cinye 'ya'yanta." Masuncin ya yi dariya har ya kusa sakin kifin. Ya ce masa, "Yaro, goyo take yi. Uwarka ta goye ka a baya, wannan ba ta da zane, sai baki." Sa'an nan ya jefa ta cikin kwando tare da sauran. Shekara fiye da hamsin ke nan, amma kafintan yakan ba da labarin kamar jiya aka yi.

Da ya yi ƙarfi aka kai shi Yendi koyon sassaƙa. A can ya ji Bishara, a can aka yi masa baftisma, a can kuma ya yi aure. Yendi gari ne da masu bishara suka daɗe da sani, gama tun 1931 mishan na Assemblies of God suka sauka a nan. Wahalar ruwa kuwa ba ta bar shi ba. Garin yana dogara ga kogin Daka, da rani kuwa kogin yakan janye, mata su yi ta yawo da garewani. Zamanin kurkunu ne, kowace uwargida tana tace ruwan sha da ƙyalle. (Matasan yanzu ba su san kurkunu ba, gama tun 2010 ba a sāke ganinsa a Gana ba. Abin godiya ne ga Ubangiji.) Kafintan yana da duro guda a bayan shago inda yake tara ruwan aiki, sauro kuwa ya mai da shi gida. Sai wani abokinsa ya kawo masa 'yan karfasa biyu daga Daka, ya ce ya jefa su ciki. Cikin kwana kaɗan babu tsutsar sauro ko ɗaya. Kifayen suka zauna, suka saba da shi, in ya ƙwanƙwasa gefen duron sai su taso.

A watan Fabrairu na 1994 yaƙi ya tashi a yankin Bimbilla, ya bazu zuwa ƙasashen Yendi da Salaga. Aka ƙone ɗaruruwan ƙauyuka, mutane masu yawa suka mutu. Kafintan ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa uku da akwatin kayan aiki, suka shiga lori zuwa Bawku, garin dangin matar. Suna cikin tafiya, ƙura ta rufe su, sai ya ce da ƙarfi, "Wayyo, kifin nan." Matarsa ta dube shi, ta ce, "Maigida, mutane suna mutuwa, kai kana tunanin kifi?" Bai amsa ba, gama ya san tana da gaskiya. Amma zuciyar mutum takan riƙe ƙaramin abu sa'ad da babban ya fi ƙarfinta.

A Bawku ya buɗe shago, ya yi kujerun majami'u da ƙofofin masallatai da akwatunan amare, ba ya zaɓen abokin ciniki. Shekaru suka wuce. Sau ɗaya, da ya je Kumasi sayen kayan aiki, ya tsaya a ƙofar wani kanti inda aka jera akwatunan gilas cike da kifaye masu launi, waɗansu shuɗi kamar baba, waɗansu rawaya kamar ɗorawa. Mai kantin ya gaya masa asalinsu daga Tabkin Malawi ne, can gabashin Afirka, tabkin da ya fi kowane tabki a duniya yawan irin kifi, mafi yawansu kuwa daga zuriya ɗaya da masana suke kira sikilid. Ya ƙara da cewa karfasar da ake gasawa a bakin titi ana ci da banku, ita ma 'yar wannan zuriya ce. Kafintan ya tambayi kuɗin guda ɗaya, ya ji, ya yi godiya, ya kama hanya. Ya ce a ransa, in dai dangi ne, ai na gida ma sun isa kallo. Ya ajiye maganar, kamar yadda ake ajiye katako mai kyau a rufin shago har ranar da aikinsa zai zo.

Ranar ta zo a ƙarshen 2021. Rikicin sarauta na Bawku tsoho ne, ba kuma a wannan takarda za a yanke shi ba. Abin da kowa ya sani shi ne, a watan Nuwamba na wannan shekara harbe-harbe suka dawo, hukuma ta sa dokar hana fita, daga baya har aka hana maza hawan babur a cikin gari. Aka sami unguwannin da mutum ba ya iya shiga, ko da a can aka yanke masa cibiya. Sujadar yamma ta tsaya, zumuntar mata ta koma tsakar rana. A lokacin jikoki uku suna zaune a gidan kafintan, domin ubansu direba ne a kudu. Manyan biyu sun iya daurewa. Ƙaramin, mai shekara shida, shi ne abin ya kama. In ya ji ƙara sai ya shige ƙarƙashin gado, ko da ƙofa ce iska ta buga. Ya daina barci, ya rage cin abinci, ya rage magana. Aka yi masa addu'a, kakarsa ta yi ta lallashi, amma da magariba ta yi sai jikinsa ya fara rawa. Kafintan ya ga dare yana da tsawo, ɗaki kuwa babu abin kallo sai bango, kunne kuma ba shi da aiki sai sauraron waje. Sai ya tuna da Kumasi.

Akwai kuɗin da suka tara domin sauya kwanon rufin ɗakin girki, wanda yake yoyo. Ya ɗauki rabinsa bai yi shawara da matarsa ba. A nan dai bai kyauta ba, shi ma daga baya ya yarda. Ya aika Bolgatanga aka yanko masa gilas mai kaurin milimita 10, guda biyar, aka kawo da gam na silikon, irin wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, domin maganin yana kashe kifi. Ya haɗa akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45. Irin wannan yana cin ruwa wajen lita 240, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce, in aka haɗa da yashi da duwatsu da gilas nauyin ya kusa kilo 300. Saboda haka teburin ɗaki ba zai ɗauka ba. A wannan wuri sana'arsa ta yi masa rana: ya yi mazauni da katakon maɗaci, ƙafafu shida, ya daidaita shi sarai, gama in gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, gilas yakan tsage wata rana ba sallama. Ya bar gam ya bushe, ya cika akwatin a tsakar gida kwana uku domin ya ga ko zai yi yoyo. Bai yi ba. Har nan aikin kafinta ne, ya kuwa yi shi babu aibi.

Abin da ya biyo baya aikin mai kiwo ne, shi kuwa bai san shi ba tukuna. Ya shigar da akwatin ɗaki, ya cika shi da ruwan famfo, a ranar kuma aka kawo masa 'yan kifaye wajen ashirin a bokiti, daga wata ƙaramar madatsa a bayan gari, ya juye su duka. Yara suka yi murna, suka yi ta zuba dusa. Da gari ya waye uku sun mutu. A kwana na huɗu ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, kifayen suka taru a sama suna haki. Kafin mako ya cika babu ko ɗaya mai rai, ɗakin yana wari. Ƙaramin yaron ne ya fara ganin na ƙarshe yana yawo da ciki sama. Bai yi kuka ba, sai ya koma ƙarƙashin gado. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Maigida, ga rufina yana yoyo, ga kuɗina a cikin ruwa mai wari, ga yaron kuma ka ƙara masa gawa a kan wadda yake ji a gari." Wannan magana ta yi masa zafi fiye da asarar kuɗin.

Akwai wata malamar kimiyya a makarantar sakandare, tana cikin mawaƙan ikkilisiya. Ran Lahadi bayan sujada ta ji labarin, ta biyo shi gida, ta duba. Ta ce, "Baba, ruwan naka ɗanye ne." Ta bayyana masa cewa laifi biyu ya yi. Na fari, ruwan famfo yana da kulorin da ake sawa domin kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma ƙona wurin da kifi yake numfashi. In an tara ruwan a randa buɗe kwana ɗaya ko biyu, kulorin yakan fice. Na biyu ya fi girma. Kifi yana fid da ƙazanta cikin ruwan da yake zaune, sauran abinci kuma yana ruɓewa, duka suna zama wani dafi da ake kira amoniya. A kogi ruwa yana da yawa, yana kuma tafiya. A akwati kuwa babu inda dafin zai je, sai in akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda suke zama a jikin yashi da duwatsu da soso, su ci dafin su mai da shi wani abu, waɗansu kuma su ci wannan su mai da shi abin da ba ya kisa da sauri. Sabon akwati ba shi da su. Sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawa.

Kafintan ya ce bai gane ba, yaya abin da ba a gani zai yi wannan aiki. Malamar ta ce, "Baba, ka taɓa ganin Bafillatana ta wanke ƙwaryar nono tas, ta zuba madara, ta sami kindirmo da safe? Ai sai ta bar ɗan tsohon nono a ciki." Nan take ya gane. Ta ce ya sami dutse ko yashi kaɗan daga wurin da kifi yake zaune lafiya, ya sa a ciki ya zama iri, amma ya duba kada ya kwaso katantanwa, domin katantanwar ruwan kwance ita take ɗauke da tsargiya.

Sai aka fara jira. Ya sayi ɗan injin hura iska, ya haɗa shi da soso, yadda kumfa za ta riƙa jan ruwa ta cikin soson. Ya wanke yashin rafi har ruwan wankin ya fita garau, ya shimfiɗa. Kowace rana ana jefa ɗan abinci kaɗan a cikin akwatin da babu kifi, domin ƙwayoyin su sami abin ci. Wannan ya ba maƙwabta dariya fiye da na farko, wai ga mai ciyar da ruwa. Hunturu ne, sanyin dare yana sauka, malamar ta ce hakan yana rage saurin abin, sai a ƙara haƙuri. Abin mamaki, a waɗannan makonni ne yaron ya fara fitowa. Kakansa ya ba shi aikin jefa abincin da yin zane ɗaya a bango da gawayi kowace yamma. Yakan zauna yana kallon kumfa tana tashi, ƙarar injin kuma, wadda manya suka ce tana damunsu, ta zama abin da kunnensa yake bi maimakon waje. Da zane ya kai 42, malamar ta zo da waɗansu 'yan takardu na gwajin ruwa, ta tsoma, ta duba launi, ta ce ruwa ya nuna.

Wannan karo kifi shida kaɗai aka kawo, tsawon yatsa, daga hannun masuntan Farin Volta a kan hanyar Zebilla. Aka bar ledarsu tana yawo a kan ruwan akwatin wajen rabin sa'a domin zafin ruwan biyu ya daidaita, ana ƙara musu ruwan akwatin kaɗan kaɗan, sa'an nan aka sake su. Abinci sau biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku, gama yawan ciyarwa ya fi yunwa kashe kifin akwati. Ya bar dusa, ya koma ga abincin da masu kiwon kifi suke saya, yana ƙara ganyen zogale, da shinge in ruwan fari ya sauka. Kowace Asabar ana kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuba wanda ya kwana a randa. Soson kuwa a cikin tsohon ruwan ake matse shi, ba a kai shi famfo, sabulu kuma ba ya kusantarsa. Uwargida ta lura tsohon ruwan nan yana sa alayyafonta da tattasai su yi kore shar. Ba ta ce kome ba, amma daga ran nan ita take kawo bokiti.

Huɗu daga cikin shidan karfasar da kowa ya sani ce, mai zane-zane a wutsiya, wadda masana suke kira Oreochromis niloticus, ita ce kuma ake kiwo a keji a Tabkin Volta. Biyun kuwa sun fi haske, bakinsu ƙarami. Malamar ta duba littafinta, ta ce sunansu Sarotherodon galilaeus, wato na Galili, domin irinsu ɗaya da wanda ake kamawa a Tekun Galili, wanda masu ziyara suke ci da sunan kifin Bitrus. Kafintan ya zauna shiru. Shekara arba'in yana jin labarin masunta da tarunansu a cikin Bishara, bai taɓa zato kifin da suka jawo yana cikin kogin bayan garinsu ba. Da dare ya sa babbar jikarsa ta karanta Matiyu sura 17, inda masu karɓar kuɗin Haikali suka tare Bitrus a Kafarnahum, Ubangiji kuwa ya aike shi teku da ƙugiya, ya sami kuɗi a bakin kifi wanda ya isa biyan na mutum biyu. Kafintan ya tabbata karfasa ce, gama wane kifi ne ya saba riƙe abu a baki bai haɗiye ba? Gaskiya dai masana da yawa ba su yarda da haka ba. Sun ce wannan kifi ƙananan tsiron ruwa yake tacewa ya ci, da wuya ya kama ƙugiya, da taru ake samunsa, Matiyu kuma bai faɗi sunan kifin ba. An gaya wa kafintan haka, ya ce to, su masana su riƙe nasu. Ba abin da za a raba zumunci a kai ba ne.

Da ya ga shidan sun zauna lafiya, sai kwaɗayin launi ya kama shi. Wani yaro ya kawo masa waɗansu ƙananan kifaye biyu na rafi, ja, da ɗigo-ɗigo masu walƙiya a jiki, su ma 'yan zuriyar ne, Turawa suna kiwonsu saboda kyau. Mako biyu suna zaune kamar baƙin kirki. Sai suka share wani faffaɗan dutse, macen ta jera ƙwai a kai, jikinsu ya ƙara ja kamar garwashi. Daga ran nan rabin akwatin ya zama nasu. Kifin da bai kai tsawon tafin hannu ba ya riƙa korar waɗanda suka ninka shi, yana yage musu fiffike. A ɗaya gefen kuma namijin karfasa ya fara kwasar yashi da baki yana tofarwa, har ya haƙa rami kamar akushi, shi ma ya hana kowa kusantowa. Waɗanda ba su da wuri suka maƙale a kusurwa ta sama, launinsu ya dushe, suka daina ci. Halin wannan zuriya ke nan duk inda take, daga Volta har Malawi: tana kula da 'ya'yanta fiye da yawancin kifaye, saboda haka kuma tana faɗa a kan wuri fiye da su.

Maganin shi ne duwatsu. Ya kwaso su, ya wanke, ya gina su tun daga gilas na ƙasa domin kada masu haƙa su rushe su, ya sa fasassun tukwane, ya raba akwatin lungu lungu yadda kifi ba zai hangi ɗan'uwansa daga wannan gefe zuwa wancan ba. Faɗa ya ragu ƙwarai. Jajayen dai ba su daina ba, a ƙarshe ya kwashe su ya ba su tasu babbar roba a baranda.

A kwanakin nan ne Fasto ya zo gaisuwa. Saurayi ne mai himma, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ji labarin duwatsun, fuskarsa ta yi haske. Ya ce, "Baba, ka ba ni wa'azin Lahadi. Ga halittu masu faɗa, an ba kowa wurinsa, sun zauna lafiya. Haka ya kamata garinmu ya zama." Kafintan ya ce, "Fasto, ka yi hankali da wannan misali. Waɗannan ba ƙaunar juna suke yi ba, ganin juna ne ba su yi. Cire dutse ɗaya ka gani. In irin wannan salama za ka yi wa'azi a kai, ai sojoji sun riga sun kawo mana ita." Sa'an nan ya ba shi labarin wani Alhaji, abokin cinikinsa na shekara ashirin, wanda ya yi wa ƙofofin gidansa duka, ya kuma halarci sunan 'ya'yansa. Gidansa yana ɗaya gefen gari, tafiyar minti goma sha biyar a ƙasa, amma wata bakwai ke nan ba su ga juna ba sai ta waya. Ya ce, "Kifi ba a ba shi umarni ya ƙaunaci maƙwabcinsa ba. Mu aka ba." Fasto bai yi wa'azin ba. Da ya yi ma, ba zai zama ƙarya duka ba, gama uwar da ɗanta ya dawo gida da rai ba za ta raina salamar duwatsu ba. Sai dai kafintan ya ga inda misalin ya tsaya, bai kuwa yarda a ja shi ya wuce nan ba.

Karfasa tana girma, akwati kuwa ba ya girma. Kafin shekara ta zagayo, biyu sun kai tsawon tafin hannu da rabi, wurin ya yi musu kaɗan. Uwargida ta ce maganin wannan yana ɗakin girki. Yara suka ƙi, har da hawaye. Malamar ta hana a mai da su kogi, ta ce kifin da ya zauna a akwati yana iya kai cuta, ta tuna musu yadda kifaye masu yawa suka mutu a kejin Tabkin Volta a 2018 da 2019, da yadda gwamnati ta hana shigo da karfasa da kifin ado daga waje a 2018 saboda tsoron cuta. A ƙarshe aka sa su a bokiti, wata mai sayar da albasa wadda take iya ratsa unguwannin biyu ta ɗauka a ka, ta kai wa Alhaji, wanda yake da tankin siminti a lambunsa. Bayan kwana biyu ta dawo da bokitin cike da mangwaro.

Zafin bazara a Bawku ba wasa ba ne, a watan Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai ya zama tanda. Ruwa in ya yi ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, kifi kuma a lokacin ne ya fi bukatarta. A bazarar 2023, wata macen karfasa ta daina cin abinci, ta koma bayan fasasshiyar tukunya, maƙogwaronta ya kumbura, tana ta motsa baki kamar mai tauna goro. Kafintan ya gane tun kafin a gaya masa. Ya kira yaron, ya ce, "Zo ka ga abin da na gani a Makango." Ya bayyana masa cewa za ta yi kwana goma ko fiye ba ta ci kome ba, tana juya ƙwan a bakinta domin su sha iska, in kuwa aka firgita ta tana iya tofar da su.

A dare na shida wuta ta ɗauke wajen ƙarfe tara, injin ya yi shiru. Babu fita, gama doka ta riga ta kama. Kafin tsakar dare kifayen suka taso sama suna haki. Kafintan ya tuna abin da malamar ta ce, ya ɗauki ƙwarya, ya riƙa ɗiban ruwan yana ɗaga hannu yana zubawa daga sama, domin faɗuwar ruwan ta shigar da iska. Minti goma ana zubawa, minti goma a huta. Da hannunsa ya gaji babbar jikar ta karɓa, bayanta ɗan'uwanta. Wajen ƙarfe biyu uwargida ta fito daga ɗaki, ta ɗaura zane, ta ce, "Kawo nan, Maigida, kai ba ka iya sheƙa ba." Ta riƙa zubawa kamar mai sheƙar gero, tana rera waƙar sujada a hankali. Ƙaramin yana riƙe da tocila, ya rufe bakinta da yatsunsa domin kada haske ya yi yawa, yana duban bayan tukunya. Can aka ji harbi daga wajen gabas, sau uku, sa'an nan sau da yawa. Kowa ya tsaya, ya dubi yaron. Yaron ya ce, "Kaka, ki zuba a wancan gefe, kada ki tsorata ta."

Wuta ta dawo da asuba. Babban namijin bai kai ba, aka same shi kwance a kan raminsa, uwargida kuwa ta ɗauke shi tun yara ba su tashi ba, ba wanda ya tambayi abin da yake cikin miyar rana. Bayan kwana biyar macen ta fito fili, ta buɗe baki, waɗansu 'yan mitsi-mitsi kamar tsabar shinkafa suka watsu kewaye da kanta. Yaron ya manna goshi a gilas yana ƙirgawa. Ya kai arba'in da ɗaya, sai inuwar kakansa ta gifta, suka ruga gaba ɗaya suka koma bakin uwarsu. Ya juyo ya ce, "Kaka, ka zauna mana wuri ɗaya." Dattijon ya ja kujera ya zauna, yaron ya jira suka sāke fitowa, ya fara daga ɗaya.